Faten Tsaki a Kicin ɗin Mis Ola

Tun da na dawo ban huta ba. A makaranta malamai su tare ni a ofis, a gidan biki mata su ja ni gefe, kowa da tambayarsa: wai da gaske ne ƙanƙara na zubowa daga sama, wai da gaske ne baƙaƙen fatar can ko kalmar Hausa ɗaya ba su ji. Malama Rabi kuwa, da muke koyar da Turanci tare a firamare, cewa ta yi tunda na je gidan Turanci lallai na dawo da manyan kalmomi, in zo in ba su. To Rabi, na dawo da kalmomi, amma ba irin waɗanda kike zato ba. Duk na taɓo ne da kwaɓaɓɓen abinci da handama. Ku zauna in faɗa muku sau ɗaya kowa ya ji, don bakina ya gaji.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ƙanwata Binta ce ta haihu a Greensboro, a jihar Carolina ta Arewa, inda mijinta Malam Sani yake karatun aikin gona. Dama tun cikin ya tsufa aka soma nema mini biza, don Inna ta ce ita ko Kaduna za ta a mota sai ta yi amai, balle jirgi, a tura Asabe, wato ni, tunda ita ta iya yarensu. Takardun ba su fito ba sai bayan suna. Kafin nan Sani ya bugo waya gidan maƙwabcinmu mai tarho, ya ce haihuwar ta zo da wahala, Binta ba ta cin abinci, nono bai kawo sosai ba, yarinya sai kuka. Daren da zan tafi Inna ba ta yi mini wata doguwar nasiha ba. Cewa ta yi, "Ki je ki ciyar mini da ita."

Kayan da ta haɗa mini kuwa, sai ka ce kasuwa zan buɗe: gero da kanwa na kunun jego, daddawa, kuka, kilishi, yaji, da busasshen ganyen darbejiya na wanka. Daga Zariya muka ɗauki shatar mota zuwa filin jirgin Kano. Wajen Kwanar Dangora taya ta fashe, direba ya ce ai babu komai, ya buɗe but, ashe safayar ma babu iska. Sai wata motar dankali ce ta kai ni, ina zaune a gaba da sabon leshina. A jirgi Allah ya haɗa ni da wata Hajiya 'yar Kumasi, 'yar kasuwa, Hausarta da ɗan gishirin Ashanti. Da aka kawo abinci na buɗe na ga wani farin abu a kwaɓe, ta ce dankalin Turawa ne aka dame da madara. Na ce wanda ya dama shi Allah ya shirye shi. Ta cinye nata ta cinye nawa.

A New York aka yi mini aika-aika. Ma'aikacin kwastan, wani dogon Bature mai ladabi, ya kwance ƙullin daddawa, ya ja da baya kamar an mare shi. Ya ɗaga kanwa ya ce wannan dutsen na mene ne. Na yi masa bayani da Turancin da nake koya wa 'yan aji shida, ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, sannan ya ce hatsi da nama da ganye ba su shiga ƙasarsu, dutsen ma tunda bai san shi ba sai dai ya zauna. Na roƙa, na yi fushi, na sake roƙo. Yaji kaɗai ya bar mini, shi ma don ya shinshina ya yi ta atishawa har ya rasa bakin magana. Mutumin ba mugu ba ne, har haƙuri ya ba ni. Amma a ƙaramin jirgin da ya kai ni Greensboro kuka na yi ta yi, don kunun kanwar da Inna ta dogara da shi yana can cikin kwandon shara.

Sani ya tarye ni da wata tsohuwar mota. Lokacin ƙarshen sanyi ne, ƙanƙarar da ta zuba ta soma narkewa. Ni a hoto na san ta, fara fat. Ina sako ƙafa daga mota a ƙofar gida sai na ji na nutse har idon sawu cikin wani baƙin caɓi mai sanyin da ya hau mini har ƙwaƙwalwa. Sani ya ce, "Sannu Yaya, wannan shi suke kira slush." Na ce ko ma mene ne sunansa, a garinmu caɓi ne, kuma mutumin kirki yakan gaya wa baƙo kafin ya taka. Ya ce ai ya ɗauka Zage-zagi sun saba da kwaɓaɓɓen abu tunda da fate aka yaye su. Sani Bakano ne, kun san halinsu, ko a bakin kabari sai sun tsokane mu.

Gidan na katako ne, bene, a gabashin gari, unguwar baƙaƙen fata kusa da jami'ar. Su Sani na sama, mai gidan na ƙasa, wata dattijuwa da mijinta ya rasu, ana ce mata Mis Ola. Da na ji sunan na zaci Bayarabiya ce, ashe ita da kakanninta duk nan aka haife su. Ta yi shekaru tana dafa wa 'yan makaranta abinci kafin ta yi ritaya. Ranar farko daga taga kawai ta ɗaga mini hannu. Na ce a raina, wannan wace irin maƙwabciya ce, an yi haihuwa a kanta ko ruwan zafi ba ta hau da shi ba. Daga baya na gane a can shiga ɗakin mutum ba a gayyace ka ba shi ne rashin kunya. Sani kuma kullum ta tambaye shi sai ya ce lafiya lau, irin amsarmu, ita kuwa ta ɗauka da gaske yake.

Da na ga Binta sai da na yi salati. Binta da muke tsokana da kumatu, ga ta nan ƙasusuwan wuya a waje, idanu sun faɗa. Ta ce, "Yaya," ta kama hannuna, shi ke nan maganar. Jaririyar, mai sunan Inna, muna ce mata Ummi, tana kwance kamar 'yar tsana, kukanta ma ba ƙarfi. Madarar gwangwani in an ba ta sai ta dawo da ita. Sani ya ja ni gefe ya ce likita ya faɗa, in aka koma awo ba ta ƙara nauyi ba za su karɓe ta su kwantar a asibiti, uwar kuma ta dawo gida ita kaɗai. Ya ce, "Yaya, in aka raba ta da yarinyar nan a halin da take, ban san abin da zai faru ba."

Na ɗaura ɗamara. Na yi tuwon garin fakiti da miyar kuɓewar gwangwani, ta kai loma ɗaya ta ture. Na yi shinkafa, na yi farfesun kazarsu mai laushi kamar auduga, na barbaɗa yajin Inna. Ta ce komai ƙarni yake mata. Na lallasa, na yi faɗa, har na ce zan buga waya in haɗa ta da Inna. Ta juya fuska bango. Ba taurin kai ba ne, na san taurin kan Binta. Wannan wani abu ne ya zauna mata a ƙirji, na mace da ta yi naƙuda cikin baƙin mutane, ta yi suna babu ko guɗa.

Sai na ce to, tunda ciki ya ƙi, bari in gyara jiki. Tun da ta haihu ba ta yi wankan jego ba, sai tsayuwa ƙarƙashin famfo. Da safe Sani ya tafi makaranta, na cika manyan tukwane biyu na tafasa. Darbejiya tana New York, don haka na sauka na karyo rassan wata 'yar bishiya a bakin ƙofa da na ga sanyi bai kaɗe mata ganye ba. Banɗakin yana da kwamin wanka, amma santsi gare shi, ga ƙunci, babu inda za ka wurga hannu. Na ɗauko kujera na ajiye a tsakiyar ɗakin na zaunar da Binta, yadda ake yi a gida. Na tsoma ganye na shiga fyaɗa mata, ruwa na fantsama bango da ƙofa, tururi ya cika ko'ina. Ban tsaya neman rariya ba, don a sanina duk inda ake wanka ruwa ya san hanyarsa. Ashe ƙasan katako ne aka shimfiɗa wa leda, kuma daidai ƙarƙashinsa kicin ɗin Mis Ola yake.

Ina cikin tukunya ta biyu na ji ana dukan ƙofa. Na buɗe, zanina sharkaf, ganye a hannu. Ga Mis Ola, gashinta a jiƙe, tana riƙe da kaskon suya da ruwa a ciki. Ta dubi ganyen, ta gane bishiyarta ce, wadda mijinta ya dasa. Ta shiga faɗa, Turanci na zuba irin wanda babu shi a littafin aji shida. A nan na tsinci splash da slosh, na farko fantsama, na biyu ruwa ya yi ta kai da kawo a ƙasa kana tafiya facal-facal. Ni dai haƙuri nake bayarwa, don na san in ta ce mu tashi, babu inda Sani zai kai mai jego cikin wannan sanyi.

Ta ture ni ta nufi banɗaki don ta ga ɓarnar da idonta. Tana leƙawa ta ga Binta a kan kujera, ɗaure da zani, tururi na tashi daga kafaɗunta, haƙarƙari a waje. Faɗan ya tsaya cak. Ta ajiye kaskon a ƙasa. Ta ce, a hankali, "Yaushe rabon yarinyar nan da abinci?"

Na gaya mata komai, har da kwastan. Ta ɗauko tawul ta lulluɓe Binta da hannunta, ta je ta ɗauki Ummi ta jinjina ta a tafin hannu kamar mai awon nama. Ta tambayi amfanin ruwan zafin da ganyen, na yi bayani. Sai ta ce kakarta unguwarzoma ce a ƙauye, ita ma ba ta barin mai jego ta fita sai ta yi wata, tana gasa mata jiki, tana ɗura mata abinci. Ta ce, "Gobe ki yi wankanki, amma cikin kwami. Bishiyata kuma ki ƙyale ta, zan kawo miki wani ganyen. Shi kuma mijin nata da ke ce mini lafiya lau, zan gamu da shi."

Ba a jima ba ta hawo da kwano a rufe. Ta buɗe, wani farin abu ne mai kauri da man shanu a tsakiya, ta ce sunansa grits, abin karin kumallonsu ne, mara lafiya ma yana iya sha. Na dube shi na ce a raina yau ga wani kwaɓin kuma. Ta ga fuskata ta ce ta sani, mutanen arewacin ƙasarsu ma raina shi suke, suna ce masa mush, wato duk abin da ya dahu ya lugwigwice har ba a gane asalinsa. Don kada in yi rashin ɗa'a na ɗiba na kai baki. Na tauna, na sake ɗiba. Jama'a, tsaki ne. Tsakin masara, wanda muke watsa wa kaji, wanda muke fate da shi. Na tsallake teku na bar gero a hannun kwastan, ashe tsaki na nan a ƙarƙashin ƙafata.

Na miƙa wa Binta cokali. Ta ɗanɗana, ta riƙe shi a baki. Ba ta ƙara ba, amma ba ta juya bango ba. Can ta ce, da wata 'yar murya, "Yaya, da da yakuwa da gyaɗa, da fate ne." Tun zuwana wannan ne karo na farko da ta ambaci sunan wani abinci da bakinta. Na fassara wa Mis Ola. Ta ce in lissafa mata abin da ake zubawa. Ta ce wannan tsakin na fakiti ne, ba shi da rai, ƙanenta Rufus yana da gona a McLeansville, shi yake ɓarza masararsa, kuma yana da ganye da kaji masu yawo. Ranar Asabar Sani zai zauna da mai jego, ni da ita mu je.

Tuƙin Mis Ola abin a yi addu'a ne. Kanta da ƙyar ya wuce sitiyari, kuma ba ta yarda akwai wata mota a titi sai tata ba. Muka bar gari, gidaje suka yi jefi-jefi, muka sauka daga kwalta zuwa hanyar gona. An kwana ana ruwa. Ƙasar wajen ja ce jawur, mai danƙo, irin wadda magina ke so a Zariya. Ba mu yi nisa ba mota ta kafe. Ta taka, taya na juyawa a wuri ɗaya. Ta ce bari ta je ta kira Rufus. Na ce tsohuwa kamarki cikin wannan taɓo, ina, zauna ki riƙe sitiyari. Na tuɓe takalmi, na ɗaure zani, na sa kafaɗa a bayan mota. Na ce ta taka a hankali. Ban san me ta ji ba, ta taka har ƙasa. Mota ta fita, ni kuwa taya ta yi mini feshin jar laka tun daga goshi har ƙafa. Ta leƙo ta taga ta gan ni, ta yi ta dariya har da tari, tana jero mini sunayen abin da ke jikina, mud, muck, da wasu da ban riƙe ba. Na ce mu ma muna da su, taɓo, laka, caɓi, caɓalɓalo. Ta gwada faɗin na ƙarshen, harshenta ya harɗe, ni ma na samu abin dariya.

Rufus dogo ne, ba ya son magana. Muka same shi yana juye wa aladu wani jagwalgwalon ragowar abinci a kwami, suna ture juna suna handama. Na kau da kai, na toshe hanci da gefen mayafi. Mis Ola ta ce wannan shi ne slop, in ka ji an kira abincin mutum da sunan, to zagi ne. Ya ɗebo mana tsaki sabon ɓarza, mai ƙamshin masara, ya yanko wani ganye mai faɗi da suke ci, mai kama da na kabeji amma kore shar. Ya kama zakara zai murɗe masa wuya, na yi tsalle na riƙe masa hannu, na ce da ransa muke so, Sani zai yanka. Ya dubi yayarsa, ta ce ya ba ni. Na kawo maganar biya, ya juya ya koma wajen aladunsa kamar bai ji ba. Haka muka dawo, ni da laka a jiki da zakara a cinya.

A kicin ɗinta aka yi girkin, ƙarƙashin tabon da ruwana ya yi wa silin. Ni ban san yadda zan ce mata tukwanenta sun taɓa naman alade ba. Ina ta kame-kame, sai ta buɗe kabad ta ciro wata sabuwa dal a kwalinta, wadda aka ba ta kyauta ranar da ta bar aiki. Ta ce, "Na san abin da ke damunki. Wannan ba ta taɓa ganin wuta ba." Na dafa zakaran da albasa da tumatir da yajin Inna, na zuba tsaki a romon, na kawo markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, wadda su a burodi suke shafawa, na dama. Na yanka ganyen Rufus ƙanana na zuba. Yakuwa babu, sai na matse lemon tsami har sai da tsamin ya fito. Tukunya ta shiga ɓul-ɓul tana tofi.

Mis Ola ta leƙa ciki. Kun san dai fate ba kyan gani gare shi ba. Na ga ta haɗiye wata magana. Na ce, "Mama, na san kalmar da ke bakinki, ta wajen Rufus ce." Ta rantse ba ta ce komai ba. Na ce ni ma ai da na ga naki farin kwaɓin abin da na ce a raina ke nan. Ta ɗebo a cokali ta hura ta kai baki, yaji ya kama ta, ta sha ruwa, ta sake miƙo cokalin.

Muka hau da shi tare. Tun daga matakala Binta ta tashi zaune. Na zuba mata a kwano na ce ta bari ya huce. Ba ta bari ba. Ta ajiye cokalin ta sa hannu, tana sharɓa tana hura yatsu, zufa na keto mata, hanci na zuba, hawaye na zuba, ba ta fasa ba. Ta siɗe kwanon ta miƙo. Sani ya buɗe baki zai yi tsiyar Zage-zagi, sai ya fasa, ya fice waje. Mis Ola na tsaye a bakin ƙofa da Ummi a kafaɗa, ta ce wannan shi ake kira gobble, ci babu kunya babu tauna, kuma tun tana ƙarama ake dukanta a kansa, amma yau ba ta taɓa ganin abin da ya fi shi kyau ba.

Daga ranar kullum sai an ɗora fate, safe da yamma. Rufus ya riƙa aiko da tsaki da ganye. Mis Ola kan hawo da hantsi ta karɓi yarinya, ta zauna kusa da Binta tana ba ta labarin 'yan makarantar da ta ciyar, ko Binta ta gane ko ba ta gane ba. Ana haka wata safiya Binta ta kira ni, ta nuna mini gaban rigarta ya jiƙe. Na sa mata Ummi, muka kasa kunne muna jin yarinya na haɗiya, ƙwat, ƙwat.

Duk da haka ranar awo hankalina bai kwanta ba. Sani na da jarrabawa, Mis Ola ce ta kai mu, ta ce ita a mota za ta jira, ba ta son warin asibiti. Nas ta tuɓe Ummi ta ɗora a sikeli, ta duba, ta duba katin, ta sauke ta ta sake ɗorawa. Binta ta damƙe mini hannu har farcenta ya shige ni. Nas ta ce, "Me kuke ba uwar nan? Ko mene ne, ku ci gaba. Ku tafi da abarku gida."

Da muka fito Mis Ola na tsaye jikin mota, ta kasa zaman. Na nemi Turancin da zan gode mata da shi, duk abin da na koyar shekara da shekaru, na rasa wanda ya isa. Sai na yi abin da na sani, na durƙusa a gabanta har ƙasa, cikin ruwan da ke kwance a wajen. Ta kama kafaɗuna da ƙarfin da ban san tana da shi ba ta ɗaga ni. Ta ce, "Tashi, 'yata. A gidanmu an daɗe da daina durƙusa wa mutum. Faɗa mini kawai, ta ƙaru?" Na ce ta ƙaru. Ta rufe ido ta ce ta gode wa Allah, na ce ni ma shi na gode wa.

Ku da kuke tambayata me na gani a Amurka, ban ga dogayen benaye ba sai ta tagar jirgi. Wannan tsohuwar na gani, kuma ina roƙon duk wanda ya ji labarin nan ya sa ta a addu'a, Allah ya saka mata, ya ba ta mai yi mata ranar da ƙarfinta ya ƙare.

Muka shiga mota, ina matse zanina. Ba mu fita daga harabar asibitin ba Binta ta taɓo ni daga baya, ta ce, "Yaya, akwai sauran faten safe? Yunwa nake ji." Mis Ola ta ce me ta ce. Na fassara mata. Ta share ido da bayan hannu, ta taka mota.